Dashen Reshen Wardi a Hijaz: Me Zuma, Kirfa da Zogale Ke Yi a Gaskiya?

Duk mai tukwanen fure a saman bene a Makka ko Jidda, in dai ya taɓa gwada dasa reshen wardi, ya san yadda abin kan ƙare. A yanko reshe mai kyau, a shafa wa gindinsa zuma ko a barbaɗa masa kirfa, a soka a ƙasa, a kifa masa gora. Kwana goma sai ga toho kore shar, har a kira maƙwabta su zo su gani. Kafin mako na uku tohon ya langaɓe, baƙi ya taso daga gindi yana hawa sama, a tumɓuke a tarar babu ko silin saiwa. Daga nan sai a ɗora wa zumar laifi, a ce ta kanti ce, da ta magarya aka samu da ya kama. Zagaye na gaba a koma kan alobera, ko ruwan adas (ƙananan waken nan na miyar Larabawa), ko dankalin Turawa.

Mafi yawan waɗannan haɗe-haɗen gida ba sa fitar da saiwa. Masu amfanin cikinsu gadin rauni kawai suke yi, su tare funfuna da ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki. Wasu ba sa ƙara komai, ɗaya ko biyu ma baya suke mayar da aikin. Reshen da kansa yake yin saiwarsa, kuma a ƙasa irin wannan abin da ke raba wanda ya kama da wanda ya mutu shi ne watan da aka yanke shi, irin yashin da aka soka shi, ruwan da aka ba shi, da bangon da aka jingina tukunyar.

Wanda ya saba da rogo da rake, inda ake soka kara a kunya a juya baya, shi ya fi shan mamaki da wardi. Daga lokacin da aka raba reshe da uwarsa ba shi da hanyar shan ruwa sai ta bakin yankan, alhali ganyensa bai daina fitar da ruwa ba. Abincinsa kuwa ɗan sitaci da sukarin da ya tara ne a jikinsa. Ruwa ya yi masa kaɗan, ya bushe daga sama. Ya yi yawa, iska ta ƙare a cikin ƙasar, ya ruɓe daga gindi. A tsakanin waɗannan biyun ake son a riƙe shi da rai mako 4 zuwa 8, wato lokacin da yake buƙata kafin ya fitar da saiwa.

Abin da ke ba da umarnin fitar saiwar wani sinadari ne da tsiro ke haɗawa a kan toho da ƙananan ganye, masana na kiransa oksin. Tafiyarsa ta fuska ɗaya ce, daga sama zuwa ƙasa. Da an yanke reshe sai ya riƙa gangarowa yana taruwa a bakin yankan, ya tayar da ƙwayoyin halittar da ke cikin koren sashen nan na ƙarƙashin ɓawo, su fara rarrabuwa su zama saiwa. Shi ya sa reshen da aka soka kai a ƙasa ba ya kamawa, kuma shi ya sa ake yanka dab da gaɓa, inda abinci da sinadarin suka fi taruwa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Frits Went, ya nuna samuwar sinadarin a ƙarshen shekarun 1920, sannan a 1935 masu bincike a Amurka suka gano cewa wani ɗan'uwansa da ake kira IBA yana sa reshe ya yi saiwa. Shi ne ke cikin hodar nan da ake sayarwa a mashtal, wato wurin sayar da dashe, yawanci kashi 0.1 zuwa 0.8 cikin ɗari. A lura da wannan adadi, domin shi ne ma'aunin komai a wannan magana. Hoda mai kashi 0.3 cikin ɗari tana ɗauke da kashi 3,000 cikin miliyan. Oksin da ke jikin ganye ko ƙwayar hatsi mai tsiro kuwa, a mafi yawan lokuta bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, kuma haske da zafi suna lalata shi da wuri. Duk wanda ya ce jiƙon kicin ɗinsa daidai yake da hodar mashtal, lissafi bai goyi bayansa ba.

Zuma ba ta da oksin ko kaɗan. Ƙarfinta wajen kashe ƙwayoyin cuta ya fito ne daga yawan sukarinta da ke zuƙe musu ruwa, da ɗan tsaminta, da wani sinadarin kisan ƙwayoyin cuta da take saki sannu a hankali idan ta haɗu da danshi. To amma wannan zuƙar ruwan ba ta san bambancin ƙwayar cuta da naman reshe ba. A lafta ta da kauri a bakin yanka, sai ta tsotse ruwan sashen da ake jiran saiwa daga gare shi. A tsinka ta da ruwa sosai kuma, ƙarfin ya tafi, a bar wa funfuna ruwan sukari. Mai son amfani da ita ya tafasa rabin lita na ruwa, ya bari ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi, ya narkar da babban cokali ɗaya, ya tsoma santimita 2 zuwa 3 na gindin reshen na minti kaɗan, ya dasa nan take, ya zubar da ragowar. Kada a zuba zumar a tafasasshen ruwa, zafin yana kashe abin da ake nema. Ko an kiyaye duk wannan, akwai kiyashi, wanda a gidajen Jidda da Makka ba ya hutun sanyi: zai bi zaƙin har gindin reshen ya tone yashin da ke manne da shi. Zumar magarya mai tsadar nan, a bar ta a sha da safe.

Kirfa ta fi zuma dacewa da wannan aiki. Ita ma ba ta fitar da saiwa, amma man da ke ba ta ƙamshi yana hana funfuna yaɗuwa, busasshiya ce, kuma kiyashi ba ya son ta. A zuba ɗan gari a murfin kwalba, a jiƙa gindin reshen, a dangwala, a kaɗe da yatsa har ya rage kamar ƙura. Idan ta yi dunƙule a bakin yankan za ta toshe hanyar shan ruwa, ta kuma ƙona shi. Garin gawayi da aka daka ya yi laushi shi ma yana busar da rauni ba tare da cutarwa ba. Sai dai fa gawayin itace zalla, ba irin na shisha ko na turaren wuta mai kamawa da ashana ɗaya ba, wanda aka cakuɗa da sinadarai. Kuma gawayi daban, toka daban. Toka kaifi gare ta irin na kanwa, tana cin ɗanyen nama, ga shi ƙasar nan da ruwanta sun riga sun karkata wajen kanwa-kanwa, wardi kuwa ƙasa mai ɗan tsami yake so, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami.

Alobera tana tsakiya. Farin majinar cikinta yana lulluɓe rauni ya hana shi bushewa a 'yan sa'o'in farko, ba ta ƙona nama, kuma tana rayuwa a kowane saman bene a Hijaz ba tare da wahala ba. A yanko ganye, a tsayar da shi minti 15 ruwan ɗorawar nan mai ɗaci ya tsiyaye, a tsaga, a shafa farin siriri. Abin da ba a yi shi ne a soka reshen a cikin gutsuren ganyen a binne su tare. Cikin kwana uku zuwa huɗu gutsuren ya zama ruɓaɓɓen abu mai wari, manne da wurin da ya fi ko'ina rauni.

Jiƙon da ya fi kowanne hujja shi ne na itacen safsaf, mai fitowa a bakin rafi, wanda ko sandarsa aka jefa a laka sai ta yi saiwa. Ɓawonsa na ɗauke da sinadarin da aka samo asalin asfirin daga gare shi, wanda ke taimaka wa tsiro wajen kare kansa daga cuta, tare da 'yan abubuwan da ke taya oksin aiki. Ana yanka sababbin rassan bana guntu-guntu, kofi ɗaya a zuba masa kofi uku na ruwan zafi, a rufe kwana ɗaya, a tace, a tsayar da rassan wardin a ciki su kwana. Ƙarfinsa yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, kuma samun safsaf a Makka ko Jidda ba abu ne mai sauƙi ba. Ruwan adas mai tsiro, wanda ya yi suna a wajen maƙwabtanmu Larabawa, tunaninsa daidai ne tunda ƙwaya mai tsiro tana haɗa oksin, amma adadin ƙanƙane ne ƙwarai, kuma markaɗaɗɗen adas a zafin nan kwana ɗaya ya ishe shi ya yi tsami. Wanda ya nace sai ya yi, ya tace da kyau, ya tsinka kashi ɗaya da kashi goma na ruwa, ya yi amfani da shi ranar.

Zogale kuwa sai an ɗan tsaya a kansa, domin Bahaushe ya yarda da shi fiye da kowane ganye, kuma ba a banza ba. Ruwan ganyensa yana da wani sinadarin girma mai suna ziyatin, daga dangin da ake kira saitokainin, irin wanda ke cikin ruwan kwakwa. Aikin wannan dangi shi ne tayar da ido da fitar da toho. A 1957 wasu masana biyu a jami'ar Wisconsin ta Amurka, Skoog da Miller, suka nuna da naman cikin karan taba cewa rinjaye tsakanin sinadaran biyu ne ke yanke abin da zai fito: oksin ya rinjaya a sami saiwa, saitokainin ya rinjaya a sami toho. To ka ga wanda ya jiƙa gindin reshe a ruwan zogale mai kauri ya tura shi ne wajen abin da ake gudu, wato ya fitar da ganye ya ƙarar da abincinsa alhali ba shi da abin shan ruwa. Zogale yana da ranarsa, amma sai bayan saiwa ta kama: a tsinka shi sosai a fesa wa ganye da yamma.

Sauran ba su cancanci dogon bayani ba. Dankalin Turawa da ake soka reshe a ciki a binne, ko dai ya ruɓe ya tafi da reshen, ko ya tsiro ya cinye wurin. Khal, wato binega, da ruwan tafarnuwa mai kauri ƙuna suke yi. Ayaba da yis abincin funfuna ne. Dalilin da ya sa kowane ɗayansu ke da masu rantsuwa a kansa shi ne akwai irin wardin da ko a yashi zalla zai kama, sai a ba haɗin lada. Mai son ya san gaskiya a gidansa ya yanko rassa 12 daga uwa ɗaya a rana ɗaya, huɗu da kirfa, huɗu da abin da ya fi yarda da shi, huɗu ba komai, yashi ɗaya, inuwa ɗaya, ya rubuta a jikin kowace tukunya. Rukunin da ba a sa wa komai ba shi ne alƙalin.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato lokaci. Saiwar wardi ta fi fita idan zafin yashin yana tsakanin digiri 18 da 25. Ya haura 30, funfuna ta fi reshen sauri. A Makka ko a tsakiyar Janairu rana kan kai wajen digiri 30, dare ya sauko kusan 19, Jidda ma kusan haka take, ga laimar teku. Saboda haka damar 'yar kaɗan ce: daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, kuma farkonta ya fi ƙarshenta, domin reshen da ya yi saiwa a Disamba yana da wata huɗu zuwa biyar na ƙarfafa kafin zafin Mayu. Wanda aka dasa a Maris, ko ya kama, bazara za ta same shi da saiwar da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Madina ta fi sanyin dare, wajen digiri 12 a Janairu, don haka can ana iya farawa tun farkon Nuwamba, sai dai saiwar kan yi jinkiri a tsakiyar sanyi. A lissafa da watannin rana, kada a ɗaura abin a kan azumi ko aikin Hajji, tunda su zagayawa suke yi.

Ɗa'ifa duniya ce daban, duk da tazararta da Makka ba ta kai kilomita 100 ba. Garin yana kusan mita 1,900 sama da teku, gonakin wardin kuwa sun fi yawa a tsaunukan Hada da Shafa. Wardin can na dangin Dimashƙa ne, sau ɗaya yake fure a shekara, wajen Maris da Afrilu, a tsinke shi da sassafe a kai tukwanen tatsa, kuma ruwansa na cikin abin da ake haɗawa da Zamzam wajen wankin Ka'aba. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun da ke tattare da shi cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam. Manoman can suna datse itatuwan a tsakiyar sanyi, kuma rassan datsar su ne iri: masu ƙwari, babu ganye, santimita 20 zuwa 25, a binne kashi biyu cikin uku, a jira wata biyu zuwa uku. Ba sa buƙatar gora tunda babu ganyen da zai zubar da ruwa. Amma wanda ya sauko da irin wannan reshe unguwannin Makka irin su Shara Mansur ko Misfala ya sani cewa kamawa daban, fure daban. Itacen yana son sanyin tsauni kafin ya ɗaure fure, a kwari kuwa yakan yi ganye da ƙaya ya tsaya nan. Wardin Madina, wanda ake jefawa a shayi tare da na'ana'a, ya fi jure zafi. Mafi alheri dai shi ne reshen wardin da ka gani da idonka ya shekara biyu ko uku yana fure a unguwarku.

Furen kanti da ake ɗaurowa a kai wa amarya ko mai jego shi ya fi ba da kunya. Yawancinsa daga ƙasashe irin su Kenya, Habasha da Holan yake zuwa, ya kwana da kwanaki a ɗakin sanyi, abincin jikinsa ya ƙare, kuma iri ne da aka ƙirƙira don rumfar gilashi, galibi a kan saiwar aro. Wannan maganar aure, wato haɗa reshen wani iri a kan saiwar wani, tana da wani tarko ko a wardin mashtal. Idan itacen ɗan aure ne, za a ga kumburi a gindinsa inda aka haɗa. Reshen da ya fito daga ƙasan kumburin na uwar saiwar ne, yana saurin kamawa ƙwarai, amma furensa ba shi ne wanda aka gani aka yi sha'awa ba. A yanka daga saman kumburin.

Mazauna Makka kan tambayi hukuncin yankan reshe a cikin Harami, saboda hadisin da ya hana sare itacensa. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa suka tashi a kanta, hanin ya shafi abin da ke tsirowa da kansa ne, ban da abin da mutane ke shukawa, kodayake akwai malaman da suka fi tsanantawa a kan bishiya. Wardin lambun hukumar gari da na bakin titi kuwa ba sai an je ga littafi ba, ba naka ba ne.

A yi yankan da sassafe, bayan an shayar da uwar tun daren jiya. A zaɓi reshen da furensa bai daɗe da zubewa ba, kaurin fensir, kore amma ya fara ƙwari. Gwajinsa a ƙaya yake: a tura ta gefe da babban yatsa, idan ta ɓalle tsaf reshen ya isa, idan ta lanƙwashe ya yi ɗanye, idan ta ƙi motsi ya tsufa. A goge almakashi ko reza da sifirit, kuma ta kasance mai kaifi, domin dakusasshiya murƙushe hanyoyin ruwa take yi. Tsawo santimita 15 zuwa 20, da gaɓa uku ko huɗu. Yankan ƙasa rabin santimita a ƙarƙashin gaɓa, na sama santimita ɗaya a kan ido. A cire ragowar furen da duk ganyen ƙasa, a bar biyu na sama, su ma a rage kowanne da rabi. Sannan a kankare ɓawon gefe ɗaya na gindin, tsawon santimita 2, kankara mara zurfi wadda za ta nuna kore ba farin itace ba. A nan saiwa ta fi fitowa. Daga yanka zuwa dasawa kada reshen ya sha iska, a tsoma shi a kofin ruwa ko a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Minti 20 a busasshiyar iskar Madina ya isa ya yi masa illar da ba a gani sai bayan mako.

Ƙasar dashen ba a son ta da taki ko kaɗan. Kashin tumaki, ƙasar lambu, jar laka, duk a ajiye su sai gaba. Ana son abin da zai riƙe danshi ya kuma bar iska ta ratsa: rabi yashi mai tsakuwa-tsakuwa, rabi bitmos (ruɓaɓɓen gansakukan da ake sayarwa a mashtal) ko garin ɓawon kwakwa. Wanda ya samu farin dutsen nan mara nauyi da ake kira birlait ya sa shi a madadin yashin. Rairayin sahara ya cika laushi, yana danƙarewa. Yashin bakin teku gishiri ne. Na gini ma sai an wanke shi sau uku ko huɗu har ruwan ya fita garau, sannan a kwarara masa tafasasshen ruwa a bari ya huce. Garin kwakwa shi ma a jiƙa a matse sau biyu, yakan zo da gishiri. Gwajin danshi: a damƙi cikin hannu a matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, in an buɗe hannu ya tsaya a dunƙule. Tukunya ƙarama mai huji da yawa a gindi ta fi babba, kuma fara ta fi baƙa. A huda rami da fensir, a saka rabin reshen, gaɓa biyu a ciki, a danna gefe da yatsu. In an soka shi da ƙarfi ba rami, duk abin da aka shafa ya goge.

Gishirin ruwa yana kashe rassa da yawa ba a gane ba. Ruwan rijiya ko na tankar da ba a san tushenta ba kan bar farin busasshen gishiri a bakin tukunya, kuma sabuwar saiwa ba ta jure shi. Akwai ruwa mai kyau kyauta a kusan kowane gida: wanda ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Daga laimar iska yake, babu gishiri a cikinsa. A tara shi a bokiti mai tsabta. Rashin abincin da ke cikinsa ba matsala ba ce, reshen da ba shi da saiwa ba ya cin komai.

A yanke gindin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kifa, ganye kada ya taɓa jikinta. Wurin ajiya shi ne inda akwai haske amma rana ba ta sauka, kuma a watannin sanyi rana ta kudu take bi, don haka jikin bango ta fuskar arewa ya fi. Gora a cikin rana tanda ce, sa'a ɗaya ta isa ta dafa reshen. A ɗora tukwanen a kan katako saboda zafin siminti, a nisanta su da iskar da bayan mukayyif ke hurowa. Kullum a buɗe murfin na minti 10. In da raɓa a jikin gorar, ba a buƙatar ruwa. A Jidda, inda laima ta riga ta yi yawa, gara a bar murfin a buɗe gaba ɗaya.

Reshen da ya mutu yana faɗin abin da ya kashe shi. Baƙi daga ƙasa zuwa sama, ɓawo na saluɓewa, ruwa ne ya yi yawa ko yashin ya yi zafi ko wuƙar ba ta da tsabta. Launin ƙasa-ƙasa daga sama, jiki ya yanƙwane da layi-layi, bushewa ce. Furfurar funfuna a kan ganye, iska ce ba ta shiga. Ganyen da aka bari ya yi rawaya ya zube a mako na biyu amma karan na nan kore, ba komai, a tsince ganyen a ci gaba da jira. Toho da wuri ba albishir ba ne, da ajiyar jikinsa ya yi shi, kuma alama ce cewa iskar sama ta fi yashin ɗumi. Wani lokacin a tono a ga farin gudaji-gudaji a gindi: tabon rauni ne, yana nuna reshen na da rai, amma ba saiwa ba ne, kuma tonon da aka yi don a gani ya mayar da shi baya. Bayan mako biyar a ɗan ja shi sama a hankali, in ya yi turjiya ya kama. Ko a hannun ƙwararru wasu kan mutu, don haka mai son uku ya dasa goma.

Wanda ya kama ba a cire masa gora rana ɗaya. Mako guda murfi a buɗe, mako na biyu a riƙa ɗage gorar na sa'o'i, sannan a fara ba shi ranar safe ta sa'a ɗaya ana ƙarawa. Sai saiwa ta leƙo ta hujin tukunya a mayar da shi babba, da ƙasarsa a dunƙule, a kuma fara taki rabin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalin. Ƙullin furen farko a tsinke shi, ko da zuciya ba ta so. Idan sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne da kanwar ƙasa ta jawo, maganinsa jan garin ƙarfe na mashtal, ba ƙarin ruwa ba. Daga Mayu zuwa Satumba a yi masa rumfar raga mai tare rabin rana, a rufe bakin tukunyar da busasshiyar ciyawa, a riƙa wanke bayan ganye saboda jan gizo-gizon nan ƙanana da ke son zafi da ƙura.

Wanda ke da uwar wardi mai dogayen rassa a gidansa ko gidan ɗan'uwa yana da hanyar da ba ta buƙatar zuma, kirfa ko gora. A lanƙwaso reshe na ƙasa ba tare da an yanke shi ba, a kankare cikinsa a ƙarƙashin wata gaɓa, a binne wurin santimita 10 a tukunyar da aka ajiye a gefe, a danne da dutse, kan reshen yana waje. Uwar ce ke shayar da shi har ya yi saiwa. In an kwantar a Nuwamba, a duba a Fabrairu, a fara yanka rabin kaurin reshen ta wajen uwar, bayan mako guda a ƙarasa.